Sayen Katifa: Kauri Daban, Ƙwari Daban

Idan kaka ta yi, aka kai gero da dawa da wake gida, sai bukukuwan aure su kankama a Sakajiki da sauran garuruwan ƙasar Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi. A lokacin ne uban amarya kan sayar da hatsi ko ɗan bijimi, ya shiga kasuwa neman kayan ɗaki. A cikin kayan nan, gado da katifa suna cikin masu cin kuɗi. Su ne kuma masu zuwa ganin ɗaki ke fara kai wa ido.

To, a nan ne ake yin kuskure. Masu ganin ɗaki kauri suke dubawa. Idan katifa ta yi tudu, har sai amarya ta taka kujera kafin ta hau, sai a ce uban ya yi ƙoƙari. Saboda gudun gori, sai mutum ya zaɓi wadda ta fi kauri a cikin masu araha. Kafin shekara ta zagayo tsakiyarta ta lotsa, ta yi rami kamar akushi. Mai kwanciya a kanta ya tashi da asuba bayansa na ciwo, ga gona ko daka na jiransa.

Mayar da kaya kuwa ba abu ne mai sauƙi ba a wannan yanki. Kowa ya san halin da hanyoyi ke ciki. A shekarar 2021 ma sai da gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro, kafin daga baya a sake buɗe su. Wanda ya je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya je Ƙaura ko Gusau ya sayo katifa, da wuya ya sake ɗaure ta a mota ya koma don ya musanya. Saboda haka gara a san abin da za a duba tun kafin a bar gida.

Irin katifun da ake da su

A da, katifar auduga aka sani, da ta audugar rimi, da ta ciyawa. Mai ɗinkin katifa ya cusa audugar a cikin yadi mai ƙarfi, ya ɗaure ta da zare wuri-wuri. Idan ta danne, sai a farke, a shanya audugar, a buge ta, a ƙara sabuwa, a mayar. Har gobe wannan katifa tana da amfaninta.

Daga baya katifar soso ta zo ta mamaye kasuwa. Ana yin soso da sinadaran da ake samu daga man fetur. A Jamus aka gano asalin haɗin a shekarar 1937. A Nijeriya, kamfanin Vitafoam ya kafu a Legas a 1962, sannan wasu kamfanoni irin su Mouka suka shiga sana'ar. Yanzu akwai masana'antun soso manya da ƙanana a birane da yawa. Galibin sinadaran daga waje ake shigo da su. Shi ya sa da darajar Naira ta faɗi a 2023, kuɗin katifa ya yi tsalle.

Sai ta uku, wato katifar roba, wadda masu shago ke kira lateks. Ita daga itace take fitowa. Itacen roba yana da wani farin ruwa kamar nono, irin wanda ke fita idan an karya reshen tumfafiya ko an sari gamji. Asalin itacen daga ƙasar Barazil ne. A Nijeriya ana shuka shi a kudu inda ruwa ke da yawa, kamar jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ƙasar Tailan ce ta fi kowace ƙasa noman sa a duniya. Itacen yakan yi kamar shekara 6 kafin a fara tatsar sa. Da sassafe ake tsaga ɓawon a karkace, a ɗaura ɗan kofi, ruwan ya riƙa ɗiga a ciki.

A masana'anta, sai a buga ruwan nan har ya yi kumfa, kamar yadda ƙullun masa ke tashi. A zuba shi a wani babban mazubi mai tsinkayen ƙarfe a ciki, a dafa shi da tururi, a wanke, a busar. Kamfanin Dunlop na Ingila ne ya fito da wannan dabara a 1929. Tsinkayen nan su ne ke barin ƙananan ramuka jere-jere a jikin katifar. Ta cikinsu iska ke ratsawa.

Katifar roba ta gaskiya tana da tsada ƙwarai, kuma ba kasafai ake ganin ta a kasuwannin karkara ba. An fi samun ta a manyan shaguna na birane. Amma sunanta ya riga ta isowa. Mai shago yakan dafa katifar soso ya ce, "Baba, wannan ai roba ce zalla, har jikoki za su gāda." Idan mai saye bai san bambanci ba, sai ya biya kuɗin roba ya tafi da soso.

Yadda ake gane ta ba wuya. Abu na farko nauyi. Katifa mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 4 da rabi, kaurin inci 6, idan ta roba ce takan kai kilo 25 zuwa 30. Wato rabin buhun takin zamani ko fiye, tunda buhun kilo 50 ne. Soso mai kyau na wannan girma bai wuce kilo 11 ko 12 ba. Maras kyau kuwa kilo 7 ne ko ƙasa da haka, yaro ma ya ɗauke shi da hannu ɗaya. Abu na biyu ramukan nan da aka ambata. Na uku, idan aka danna ta aka saki, nan take take dawowa kamar danƙon harbin tsuntsu. Kuma idan aka ɗaga gefe ɗaya sai ta langaɓe, ba ta tsayawa ƙiƙam kamar soso.

Wajibi ne a buɗe rigar katifar a ga cikinta. Akwai wadda ake shimfiɗa roba inci 1 ko 2 a sama, sauran duka soso ne a ƙasa. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye, kuma kuɗin ya yi daidai da kayan. Idan mai shago ya hana a zuge zif, ko a farke ɗan ɗinki a gefe, to ya zama cinikin biri a sama. A bar masa kayansa.

Karanta lambar da ke jiki

Ga inda karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi. A gefen katifar kamfani akan ɗinka wani ƙyalle ko takarda mai lambobi uku, kamar haka: 6 x 4½ x 8. Lamba ta farko tsawo ce, ƙafa 6. Ta biyu faɗi, ƙafa 4 da rabi. Ta uku kauri, amma ita da inci ake lissafa ta, wato inci 8. Wasu kamfanoni da inci suke rubuta duka ukun. Inci 12 ne ƙafa ɗaya, saboda haka 72 x 54 x 8 daidai yake da na farko.

Wanda ba shi da tef yana iya awo da hannu. Gaɓar farko ta babban yatsa ta kusa inci ɗaya. Taƙi ɗaya na babban mutum kamar inci 8 ne ko 9. (A lura da ƙugiyar harafin: taki na gona daban, taƙi na awo daban.) A auna gadon tun a gida da igiya, a ƙulla alama a tsawo da faɗi, a tafi da igiyar kasuwa. Katifar da ta fi gado faɗi gefenta zai karye. Wadda ta gaza kuwa takan bar rata, jariri na iya faɗawa ciki.

A duba sunan kamfani, da alamar NIS ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, wadda aka kafa a 1971. Amma a sani masu jabu suna kwaikwayon tambari, har da yadin rigar. Tambari shaida ɗaya ce kawai, ba ta isa ita kaɗai ba.

Akwai wata kalma da masu shago ke yawan faɗi, wato densiti. Ma'anarta yawan kayan da aka zuba a cikin soson. Misalinsa tuwo biyu ne masu girma ɗaya, ɗaya an tuƙa shi da isasshen gari, ɗaya kuwa ruwa ya yi masa yawa. A ido duk malmala ce, amma ɗaya ce ke riƙe ciki. Soso mai densiti 30 ya fi mai 18 daɗewa nesa ba kusa ba, ko da mai 18 ɗin ya ninka shi kauri. Sai dai a nan ma akwai ha'inci. Wasu masu yin soso kan zuba garin farar ƙasa a cikin haɗin don ya yi nauyi. Irin wannan, idan aka murza gefensa da yatsa sai a ji shi gantsar-gantsar, wani lokaci har ya yi gari.

Wane kauri ya dace da wa?

Aikin katifa biyu ne. Ta karɓi kafaɗa da ƙugu, wato wuraren da suka fi nauyi, su ɗan nutse. Sannan ta tallafi gadon baya ya miƙe yadda Allah ya halicce shi. Kaurin da ya dace shi ne wanda ƙugun mai kwanciya ba ya taɓa katakon gado ta cikinsa. Abin da ya ƙaru a kan haka ado ne, kuma da kuɗi ake sayen sa.

Tunda jiki ya bambanta, kauri ma dole ya bambanta. Yaro ɗan makaranta, inci 3 ko 4 sun ishe shi. Irin ta ne ɗalibai ke ɗauka zuwa makarantar kwana. Babban mutum maras jiki, wanda bai wuce kilo 60 ba, inci 6 na roba ko na soso mai kyau sun wadatar da shi. Mai matsakaicin jiki ya nemi inci 8. Mai ƙiba, wanda ya kai kilo 100 ko ya wuce, ya nemi inci 10 ko 12, kuma mai ɗan tauri. Wannan ƙiyasi ne na farawa. Wanda bai san nauyinsa ba yana iya hawa sikeli a asibiti ko wurin masu awon hatsi.

Idan mutum biyu ne za su kwanta, da wanda ya fi nauyi ake lissafi. Uban amarya yakan tuna da 'yarsa kawai, ga ta siririya, ya manta da angon, ya manta kuma nan da shekara biyu akwai goyo a gefe.

Yadda mutum ke kwanciya ma abin dubawa ne. Mai kwanciya ta gefe, kamar yadda akasarin mutane ke yi a hannun dama, nauyinsa duka a kafaɗa da ƙugu yake taruwa. Yana bukatar katifa mai ɗan laushi a sama da isasshen kauri. Mai kwanciya rigingine ya fi jin daɗin mai ɗan tauri.

Ga tsofaffi da mata masu ciki, a duba tsawon gado da katifa a haɗe. Idan mutum ya zauna a bakin gado, ya kamata tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai. Katifa mai inci 18 ko 20 a kan dogon gado haɗari ce ga tsohuwa mai fita da dare, haka ga yaro mai juyi cikin barci. Jariri kuwa ba a kwantar da shi a katifa mai laushi ƙwarai. Idan ya kifa, fuskarsa na iya nutsewa ya kasa numfashi. Shimfiɗa mai tauri, shafaffiya, ita ce tasa, kuma a kwantar da shi rigingine.

Sai gidan sauro. Ana so a cusa bakinsa a ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Idan katifa ta cika kauri, gidan sauron ba ya kaiwa, sai a bar shi yana reto, sauro ya shiga ta ƙasa. Da damina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutane da yawa sun ɗauka mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar dutse. A shekarar 2003 wasu likitoci a ƙasar Sifen sun gwada wannan magana a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Aka ba wasu katifa mai tauri sosai, wasu kuma mai matsakaicin tauri. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar sun fi samun sauƙi. Amma katifa ba magani ba ce. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko wahalar fitsari, na asibiti ne, kada a tsaya.

Gwaji a gaban mai shago

Danna katifa da tafin hannu ba gwaji ba ne. Hannu bai kai nauyin jiki ba. A sa a sauke ta a ƙasa mai tauri. Mai saye ya durƙusa a tsakiyarta da gwiwa ɗaya, ya saki nauyinsa. Idan gwiwar ta ji ƙasa, katifar ta gaza, komai kaurinta. Idan ya tashi, ya duba ko gurbin ya cike nan da nan.

Daga nan sai ya kwanta. A nan ne kunya ke cutar mutane. Dattijo da babbar riga ba ya son a gan shi a miƙe a bakin kasuwa, amarya kuwa ba ta ma zo ba. To, minti goma na kunya sun fi shekara biyar na ciwon baya sauƙi. Idan abin ya faskara, a tafi da ƙane ko ɗa mai irin jikin wanda zai yi amfani da ita, shi ya kwanta.

Ya fara kwanciya rigingine, ya zura tafin hannunsa a ƙarƙashin kwankwasonsa. Idan hannun ya shige da sauƙi har da sauran fili, katifar ta yi masa tauri. Idan ya ƙi shiga sam, ƙugu ya nutse, ta yi laushi. Idan ya shiga da ɗan matsi, an dace. Sannan ya juya ta gefe, abokin tafiyarsa ya tsaya ta baya ya duba. Daga wuya zuwa ƙugu ya kamata ƙashin baya ya miƙe kamar sanda. Idan ya lanƙwashe kamar baka, a gwada wata. Ya kuma zauna a bakinta ya ga ko za ta zubar da shi.

A shinshina ta. Sabon soso yana da ɗan warin sinadari wanda ke fita cikin 'yan kwanaki. Warin fumfuna ko na fitsari kuwa alama ce ta tsohuwar katifa da aka sauya wa riga. A bi ɗinkin gefe da ido. Ɗigo-ɗigo baƙi alamar kuɗin cizo ne, kuma wanda ya kai su ɗakin amarya ya kai mata aiki.

Wasu mutane kaɗan jikinsu ba ya shiri da roba. Wanda safar hannu ta asibiti ko balan-balan ke sa masa ƙaiƙayi, ko kumburi, ko sarƙewar numfashi, ya haƙura da katifar roba.

Kafin a biya, a yi lissafi. Alal misali, a ce wata katifa kuɗinta buhun gero 1, tana shekara 2 ta mutu. Wata kuma buhu 3, tana shekara 10. A cikin shekara 10 mai sayen ta farko zai saya sau 5, wato buhu 5. Araha ba ta ado. Idan kuɗi ba su kai ba, a rage kauri a ƙara ƙwari. Inci 6 mai kyau ta fi inci 14 ta banza. Idan wannan ma ba ta samu ba, katifar auduga da gwani ya ɗinka ba abin kunya ba ce. Idan an yi ciniki, a karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da girman katifar. Idan kamfanin ya ba da garanti, a karɓi takardar a adana.

Akwai wani abin da mutumin wannan yanki zai auna wanda na birni bai damu da shi ba. Gidan da wata rana zai iya kwashe kaya ya koma Ƙaura ko Gusau na ɗan lokaci, ya tuna katifar roba mai kilo 30 ba ta ɗaukuwa a ka, kuma da ƙyar take zama a bayan babur.

Gado da kulawa

Katifa mai kyau a kan mugun gado asara ce. Gadon ƙarfe da wayarsa ta saki zai lanƙwasa kowace irin katifa. A shimfiɗa masa katako tukuna. A gadon katako kuma, ratar da ke tsakanin katakan kada ta wuce faɗin yatsu huɗu, musamman ga katifar roba, don tana zubowa ta cikin rata. Mai shimfiɗawa a ƙasa ya sa tabarma a ƙarƙashi, ya riƙa jingine katifar da bango da safe don ta sha iska, saboda daɓe da siminti suna tsatso da damina.

A cire ledar da ta zo da ita. Mutane kan bar ta don kada katifar ta yi datti, amma leda na tara gumi, ga zafin bazara. Inda yaro ke kwanciya kaɗai za a sa 'yar leda a ƙarƙashin zanen gado. Duk bayan wata uku a juya katifar, kai ya koma ƙafa.

Soso da roba duka abincin wuta ne. Suna kamawa da sauri, hayaƙinsu kuma guba ne. Fitilar kananzir, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon wuta na lokacin hunturu, da kaskon turare, duk a nisanta su da gado.

An saba shanya katifa a rana idan yaro ya yi fitsari. Ga ta auduga wannan daidai ne. Soso ma yana jurewa idan da rigarsa kuma ba a daɗe ba. Amma roba ba ta shiri da rana, haka ba ta shiri da man shafawa da kananzir. Zafin rana na busar da ita, ta yi ja, ta riƙa marmashewa kamar tsohuwar tayar keke. Idan ta jiƙe, a goge wurin da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a danne da busasshen zane ya tsotse, a jingine ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ko ranar da aka sayo ta, idan za a ɗora a saman mota, a naɗe ta kamar tabarma, a rufe da buhu, kuma kada a ɗaure da siririyar igiya, don tana yanka ta.